Ƙuri'ata me za ta canza? Tambayoyin matasan Maraɗi kan zaɓe da siyasa

Waɗannan tambayoyi su ne ake ji a fada bayan sallar isha'i, a tashar ƴan kabu-kabu, a bakin babbar kasuwa ran Litinin da Juma'a, da kuma wajen ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. An bar su da zafinsu, yadda masu su suke faɗa. Mai amsawa ba ya tallar wata jam'iyya ko wani mutum. Ɗan garin nan ne da ke ganin ƙannensa suna cire hannu daga abin da ya fi shafar su, abin kuma yana damun sa.

Yaya, ai babu ma zaɓe a Nijar yanzu. Wannan magana ta mece ce?

Gaskiyarka. Tun ranar 26 ga Yuli 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ba a sake aje akwati ba. An dakatar da kundin tsarin mulki na 2010. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo a gurbin magadan garin da aka zaɓa. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani bisa tsarin sake gina ƙasa, wanda ya tsayar da wa'adin wata 60 da aka ce ana iya gyara shi gwargwadon hali, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa.

To amma ka duba baya. An yi juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, kuma kowane karo akwati ya dawo, wani da wuri, wani bayan dogon lokaci. Kowane karo kuma waɗanda ya tarar a shirye su ne dattawan da ke da kuɗi, da motoci, da mutanensu a kowane ƙauye. Matasa sai a kira su daga baya su riƙe tuta. Yaron da ke da shekara 13 ranar da aka yi rantsuwar 2025 zai kai 18, shekarun fara jefa ƙuri'a, idan wata 60 ta cika. Tunda an rusa tsofaffin jam'iyyu, sabon zubi za a yi, kuma ba ranar da aka buga gangar zaɓe ake fara neman wuri a ciki ba. Shi ya sa ake maganar yanzu.

Mun yi zaɓe a baya, iyayenmu ma sun yi. Me ya canza?

Ƙanena, ba zan ce maka kome ya gyaru ba. Mai digiri yana tuƙa kabu-kabu, wani ya tafi Agadas neman zinari, wani ya tsallaka Libiya ko Aljeriya ba a san halin da yake ciki ba. A Madarunfa da Gidan Runji akwai manoman da ke tsoron gonakinsu saboda ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Wanda ya ce ransa ya ɓaci yana da hujja.

Amma a ce kome bai taɓa motsawa ba, wannan kam ba haka ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy. Wannan jini, da yajin aikin ma'aikata da ya biyo baya, su suka tilasta wa gwamnatin Ali Saibou buɗe ƙofa, har aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. A 1993 aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa. Tandja Mamadou na MNSD-Nassara, jam'iyyar da ke riƙe da ƙasa ita kaɗai a da, shi ya zo na farko a zagayen farko, amma a zagaye na biyu Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya ka da shi. Ƙuri'un talakawa ne suka yi wannan.

Abin da na fi son ka riƙe shi ne na 2005. Kasafin kuɗin shekarar ya ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi, har da madara, da garin alkama, da ruwa, da wuta. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu suka yi gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa. A watan Maris aka yi zanga-zanga, aka kira zaman gida, kantuna suka ƙi buɗewa, motocin haya suka tsaya. Aka kama shugabannin gamayyar, mutane ba su ja da baya ba. A watan Afrilu gwamnati ta zauna da su, ta cire harajin daga kan madara da garin alkama, ta sassauta na ruwa da wuta. Ka lura, ba a yi wata biyar da sake zaɓen Tandja ba. Zaɓaɓɓiyar gwamnati ce da ta san akwai wani zaɓe gaba, kuma ta ga mutanen da ba su koma barci bayan ƙirga ƙuri'a ba.

Sai kuma kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta, da aka tsayar a wajejen 2006. Aikin yana ɗingishi, sau da yawa a rubuta maka magani ka je ka saya. Duk da haka akwai uwaye da yawa da suka kai yaro likita saboda shi.

Ai duk kanwar ja ce. Wa za a zaɓa?

Da yawansu sun yi kama da juna, musamman masu sauya jam'iyya duk lokacin da mulki ya sauya hannu. Amma duk wanda ya zauna a unguwa ya san akwai kansilan da ake gani ran suna da ran makoki kuma yana ɗaukar waya, akwai wanda tun da ya ci ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Wannan bambanci ƙarami ne, amma da shi ake farawa. In aka yi musu kuɗin goro, mai ɗan dama-dama shi ke asara, domin ya ga ƙoƙarinsa bai ƙara masa ko ƙuri'a ɗaya ba.

Ƙuri'a ɗaya cikin miliyoyi, me za ta tsinana?

A zaɓen 2020 da 2021 mutum wajen miliyan 7.4 aka yi wa rajista. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, kimanin kashi 63 cikin 100 suka fito. Bazoum ya samu kashi 55 da ɗoriya, Ousmane 44 da ɗoriya, tazarar ƙuri'a wajen rabin miliyan. Waɗanda ke da kati suka zauna gida sun haura miliyan biyu da rabi, wato sun ninka tazarar sau biyar. Kowanensu kuma cewa ya yi shi kaɗai ne.

Akwai wani abu da matasa ba su cika sani ba. Sakamako rumfa-rumfa ake rubuta shi, kuma kowane ɗan siyasa yana zama da mutanensa ya karanta. Ya san unguwar da ta fito, ya san wadda ba ta fito ba. Ya san ƙauyen da mata suka yi layi tun da hantsi, ya san wanda akwatinsa ya dawo rabi. Ranar da za a raba famfo ko a zuba ƙasa a hanya, wannan takarda tana gabansa. Kai kana ganin ƙin zuwanka fushi ne da zai ji a jikinsa, shi kuwa ya cire ka daga lissafi ya huta.

Jihar Maraɗi ba ƙaramar jiha ba ce. A ƙidayar 2012 tana da mutum wajen miliyan 3.4, Damagaram kaɗai ta fi ta. Kusan rabin ƴan ƙasar nan kuma ba su kai shekara 15 ba. Babu mai neman mulkin Nijar da zai iya tsallake matasan jihar nan in sun fito.

To in mun jefa ma maguɗi za su yi.

An yi, ba a ɓoye ba. A Yulin 1996 ana cikin ƙirga Ibrahim Baré Maïnassara ya rusa hukumar zaɓe ya kafa wata. A 2021 Mahamane Ousmane ya ƙi yarda da sakamako, aka yi tarzoma a Yamai. Amma ka tuna da 2016: Hama Amadou ya yi takara yana tsare a gidan kaso, ƴan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Mahamadou Issoufou ya tashi da kashi 92. Ƙauracewar ba ta hana shi shekara biyar ɗinsa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen ƙirga ya san inda maguɗi ke shiga. Galibi a ajin makaranta ake yi, bayan magariba, da fitila ko hasken waya. A zazzage akwati a kan teburi, mutum ɗaya ya buɗe takarda ya ɗaga ta kowa ya gani, ya kira suna, wani ya ja layi da alli a allo. Wakilan ƴan takara suna zaune, mutanen unguwa sun leƙo ta taga. In aka gama a rubuta a takardar sakamako, wakilai su sa hannu. A rumfar da idanu suka yi yawa haka, ƙara ko goma yana da wuya. Inda ake ɓarna shi ne rumfar da wakili ya tafi cin tuwo, da wadda mutum ɗari suka zo cikin ɗari huɗu, aka bar sunaye ɗari uku babu mai su. Saboda haka ka jefa, ka dawo da marece ka tsaya, ka rubuta abin da aka samu.

Kada kuma ka manta da ma'aikatan zaɓe bakwai da nakiya ta tashi da motarsu a jihar Tillaberi ranar zagaye na biyu na 2021. Su ma ƴaƴan talakawa ne da suka fita aikin nan.

In sun kawo kuɗi, in karɓa in zaɓi wanda nake so?

Kowa ya san yadda ake yi. Mota ta tsaya gaban fada, a sauke sukari da kwalin shayi, a miƙa wa shugaban fada ambulan. Ƴan kabu-kabu a zuba musu mai su raka ayari da ham. Mata a ba su turmin zane mai hoton ɗan takara da sabulu. Ranar jajibiri a bi gida-gida da jika ɗaya, jika biyu. Jika biyu in ka raba ta shekara biyar, dala tamanin ke nan a shekara.

Ana cewa a ci kuɗinsu a zaɓi ra'ayi. Ni ban yarda da wannan ba, ko da yake ban ga laifin wanda yunwa ta sa ya karɓa ba. Dalilina shi ne: duk fadar da ta saba sai an aje kuɗin shayi kafin ta saurari mutum, ta rufe ƙofa ga malamin makarantar unguwa ko ma'aikaciyar likita da za su iya riƙe amana amma ba su da abin rabawa. Sai takara ta koma ta mai kuɗi, ko ta wanda wani babban alhaji ya tsaya masa. Shi kuma in ya ci, bashin da ke kansa zai fara biya da kwangila da sassaucin kwastan, kafin ya waiwayi kwatar ƙofar gidanku. In ɗan takara ya zo fadarku, ku ba shi tabarma, ku ba shi shayinku, ku tambaye shi abu uku da zai yi da inda kuɗin zai fito. Wanda ba shi da amsa za ku gane tun kafin a zuba shayi na biyu.

Ni neman abinci nake. Me ya haɗa ni da siyasa?

Ɗan Maraɗi bai kamata ya yi wannan tambaya ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, sai Disamban 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe hanyar Dan Issa da Jibiya, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Mai tura baro, da mai sayar da ƙanƙara, da tela, da mai walda, wa ya tsira? Mutane ne suka zauna a ɗaki suka yanke waɗannan shawarwari. Haka layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021: inda tasha za ta zauna, da wanda za a biya diyyar gona, da wanda za a ɗauka aiki, duk a teburin hukuma ake tsayar da su.

Ga wanda ya fi ciwo. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin garin nan, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Watanni kaɗan kafin nan irin haka ta faru a Yamai. Allah ya sa masu ceto ne. Mun yarda da ƙaddara, amma ajin kara ba daga sama ya faɗo ba. Akwai kasafi, akwai wanda ya tsara abin da za a fara ginawa da abin da zai jira. Bayan gobarar gwamnati ta hana sa ƙananan yara ƴan share fage a irin waɗannan azuzuwa. Wa ke zagayawa ya duba ko ana bin wannan a makarantar unguwarku? In ba ku ba, babu kowa.

Malaminmu ya ce dimokuraɗiyya ba tsarin Musulunci ba ce.

Malamai sun saɓa a kan wannan, kuma a garin malamai irin namu za ka ji kowane ɓangare. Da yawa suna ganin ƙuri'a shaida ce: an tambaye ka wa ya fi cancanta da amana, ka faɗi abin da ka sani. Suna kafa hujja da ayar shawara a Suratus Shura da hanin ɓoye shaida a ƙarshen Baƙara, da kuma ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Ka koma wajen malamin da ka amince da shi ka tambaye shi da ladabi: Allah gafarta malam, in mutanen kirki duka suka janye, hannun wa dukiyar jama'a za ta faɗa?

Ni fa na fi gamsuwa da sojoji. Me zan yi da zaɓe?

Matasa da yawa sun fito a 2023 suna neman sojojin Faransa su bar ƙasar, suka kuma fita a Disamban shekarar. Wanda ya fito wannan lokaci ya riga ya shiga siyasa, ko bai kira ta da sunan ba, kuma kishinsa abin girmamawa ne. Abin da zan ƙara masa kawai: goyon baya ba ya hana tambaya. Ko wa ke bisa kujera, farar hula ko mai kaki, yana bukatar mutanen da za su ce masa nan ka yi daidai, nan kuwa hatsi ya yi tsada.

Sannan akwai ranar da mai mulki ba zai yi maka ba, ko wane ne shi. A ranar, ta wace hanya za ka canza shi ba tare da an zubar da jini ba? Tun samun ƴancin kai a 1960, sau ɗaya tak zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a ƙasar nan, ranar 2 ga Afrilu 2021. A Senegal kuwa, a Maris 2024, matasa suka ɗora Bassirou Diomaye Faye bisa mulki tun zagayen farko, kwana goma bayan fitowarsa daga kurkuku. Sun yi rajista ne tun da wuri, suka tsare rumfuna.

Ni mace ce. Wannan ba harkar maza ba ce?

Ƙanwata, ranar 13 ga Mayu da ake bikin matan Nijar daga ina ta samo asali? A 1991 mata suka yi tattaki a Yamai saboda an kusan mantawa da su a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru. A 2000 aka yi dokar kaso, ta ba su aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe. A 2014 ya koma 15, a 2019 ya kai 25. Layin mata ya kan fi na maza tsawo a rumfa, amma sau da yawa wani ne ke faɗa musu inda za su dangwala. A bayan labule babu mai ganin ki, ko maigida ko shugabar ƙungiya. Ruwa, da likita, da makarantar yara, ke kika fi kowa sanin inda suke ciwo.

Ba ni da takardar haihuwa.

Wannan ka fara da shi tun gobe, domin ba don zaɓe kaɗai ba ne. Jarrabawa, da tafiya, da neman aiki duk suna bukatar ta. Ka je ma'aikatar magajin garin da aka haife ka. In wa'adin bayyana haihuwa ya wuce, sai ta hannun alƙali, da shaidu. Wani lokaci alƙalai kan zagaya ƙauyuka su yi wa jama'a a taru, ka sa kunne a rediyo. Daga nan ka yi katin ɗan ƙasa. In kana da ƙanne ko ƴaƴa, ka duba nasu ma. Ranar da aka buɗe rajistar masu zaɓe layi zai yi tsawo, mai tafiya cirani kuma ya yi tunanin inda zaɓe zai tarar da shi.

Ina tsoron in yi magana a kama ni.

Tsoron yana da tushe. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai ta da hankalin jama'a. Kada ka tura muryar WhatsApp da ba ka san mai ita ba, kada ka zagi kowa a Facebook, kada ka ɗora wa mutum sata ba ka da hujja. Tambaya a kan famfon da ya lalace, da sunanka, cikin ladabi, a gaban wanda abin ya shafa, ta fi zagi dubu aiki, kuma ta fi shi aminci.

To kafin zaɓe ya dawo, me zan yi takamaimai?

Ka fara da abin da ƙafarka ke iya kaiwa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da ake kira COGES da ƙungiyar iyayen yara, gidajen likita ma suna da nasu kwamiti. Yawancin taronsu dattawa ne ke zuwa, kujerun matasa babu kowa. Ka je, ka ji nawa aka tara, me aka saya. Mai unguwa yana nan, fadar Sarkin Katsinan Maraɗi tana nan, gidajen rediyo suna buɗe layi ga masu sauraro.

Fadarku ma ta ɗauki abu guda ta riƙe shi: kwata ɗaya da ke cika da damina, ko juji, ko aji ɗaya na zana. Ku yi wa kanku aikin gayya a kan abin da kuke iyawa, sauran ku rubuta takarda zuwa ga kantoman da ke riƙe da ma'aikatar magajin gari, tunda tikitin kasuwa da lanho ana ci gaba da karɓa. Ku je mutum uku ko huɗu, har da mace in da hali. Ku sa a buga muku hatimi a kwafinku da kwanan wata. In an ce ku dawo, ku tambayi rana, ku koma a ranar.

Mai sha'awar tsayawa takara kuma daga nan ake gane shi. A tsohuwar doka ɗan shekara 21 yana iya neman kujerar majalisar dokoki, shugaban ƙasa ne sai mai 35, magajin gari kuwa kansiloli ne ke zaɓen sa daga cikinsu. Sabuwar doka in ta fito ku nemi wanda ya iya Faransanci ya karanta muku ita a fada, sashe-sashe, musamman wajen shekarun takara, da kuɗin ajiya, da ko an yarda mutum ya tsaya ba tare da jam'iyya ba.